Motar kuɗi, jiniya da 'yan rakiya: aikin da muka mayar hayar bindiga

Tun da shugaba Tinubu ya ba da umarni a watan Nuwamban 2025 cewa a janye 'yan sanda daga bayan manyan mutane, maganar 'yan rakiya ta dawo sabuwa a majalisu da Facebook, kuma kusan bakin mu ɗaya, wai gara haka, a kwashe su kaf a maida su caji ofis su yi aikin da aka ɗauke su dominsa. Rabin maganar ina tare da ita. Ɗaya rabin kuma akwai gyara, don abu biyu ne daban muka cakuɗa. Akwai ɗan sandan da yake riƙe wa matar oga jaka a wajen dina, akwai kuma wanda yake zaune a bayan Hilux yana bin motar da ta ɗauko naira miliyan ɗari biyar ko lodin nakiya. Na farkon asarar ma'aikaci ce kawai, na biyun kuwa aiki ne na gaske mai ilimi a cikinsa, wanda a wasu ƙasashen runduna guda ake warewa ba ta da wani aiki sai shi. Mu a nan mutum ɗaya ne yake yin duka biyun, kaki ɗaya, jiniya ɗaya, kuma hanyar samunsa ma ɗaya ce, wanda ya biya shi ake bi.

Me ya sa ma sai ɗan sanda? Banki ai ba gwamnati ba ne, kamfani ne mai neman riba, to me ya haɗa ma'aikacin da ake biya da harajin talaka da gadin kuɗinsa? Amsar tana cikin wata doka ta 1986 wadda ta tsara kamfanonin gadi masu zaman kansu, ita ce ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga. Shi ya sa mai gadin da kake gani a ƙofar banki da kaki mai kyau da ɗan abun caje jiki, iyakarsa kenan, in ta ɓaci sai dai ya kwanta kamar kowa. To tunda doka ta ce bindiga sai hukuma, duk wanda yake da kayan da ɓarawo zai iya kashe rai a kansu, dole ƙofar hukuma zai ƙwanƙwasa. Daga nan kasuwar ta buɗe.

Waɗanda aka fi turawa su ne 'yan kwantar da tarzoma, mopol ɗin nan da muka sani, irin na barikin Hotoro. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa su, kuma ba don rakiya aka yi su ba, an yi su ne don in gari ya rikice a turo su da yawa a lokaci ɗaya su kwantar, horon da ake ba su a wurare irin su Gwoza da Ila-Orangun duk a kan haka yake. Daga baya aka fito da wani sashe na musamman da ake kira SPU don gadi da rakiya, da nufin a sauke wa mopol wannan kayan, sai kuma 'yan kwance bam, EOD, waɗanda su ke da alhakin bin duk wata mota da ta ɗauko abun fashewa. A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace kuwa, rundunar da aka gina don ta tsaya a dunƙule sai aka yi ta gutsurarta, biyu a gidan Alhaji, huɗu a banki, uku a bayan ɗan Caina mai kamfani a Sharaɗa ko Challawa. A 2018 Mike Okiro, wanda ya taɓa zama Sufeto Janar kuma a lokacin yake shugabantar hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya ce sama da 'yan sanda 150,000 suna bayan manyan mutane da waɗanda ma ba su cancanta ba, a rundunar da duka-duka ba ta kai 400,000 ba. Da umarnin 2025 ya fito, Sufeto Janar na lokacin, Egbetokun, ya ce an janye 11,566. Ka aza lissafin nan biyu gefe da gefe, ko dai an yi gagarumin gyara a shekara bakwai ba mu ji ba, ko kuma akwai masu yawa da rajista ba ta san da su ba. Ni dai na san wanda na fi yarda da shi.

Mu dawo kan kuɗi, don a Kano shi ne babban kaya. Garin nan tsaba yake ci. Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, Dawanau, 'yan canji na Wapa, ga baƙi daga Nijar da Cadi da Kamaru, ga fataken shanu da za su Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, waɗanda mai saniya ba ya son jin zancen alat, a ƙirga masa a hannu ya ɗaure a lalita. Tun watan Yulin 2013 aka shigo da Kano cikin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi, kuma gaskiya taransifa da POS sun rage abun sosai, amma kowa ya tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, yadda kasuwa ta tsaya cak da takarda ta ɓace. A lokacin CBN da kansa ya ce cikin kusan tiriliyan 3.2 da ke yawo, wajen tiriliyan 2.7 ba sa cikin banki. Kuma akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Takardar dubu ɗaya ta fito ne a 2005, lokacin tana sayen sama da dala 7, yau ko dala ɗaya ba ta kai ba, amma har yanzu ita ce babbar takardar mu. Takarda ɗaya nauyinta wajen giram ɗaya ne, kenan biliyan ɗaya a 'yan dubu-dubu takarda miliyan ɗaya ce, kusan tan guda. In 'yan ɗari biyar ne ka ninka. Wato faɗuwar naira ba a cefane kaɗai ta tsaya ba, ta ƙara yawan sawun da motar kuɗi za ta yi tsakanin CBN na Lagos Street da rassan bankuna da na'urorin ATM da garuruwan waje, kuma kowane sawu wata dama ce ga mai jira a hanya.

In kana son ka gane ko 'yan rakiya sun san aikinsu, ka tsaya daga nesa wata rana da hantsi a Bank Road ko titin Murtala Muhammad ka kalli yadda ake sauke kuɗi. Ƙwararru tun motar ba ta gama tsayawa ba sun dire. Hilux ɗin gaba ta gitta ta tare hanya, ta baya ta toshe, motar kuɗin ta juya ta shiga get da baya, direbanta ba ya sauka kuma ba ya kashe inji. Kowane ɗan sanda ya kama kusurwarsa, kuma abun lura shi ne bayansu suke ba motar, idonsu yana kan titi, kan mai adaidaitan da ya rage gudu, kan motar da ta daɗe a fake da mutane a ciki. Mai rake da mai wankin takalmi an ce su matsa, babu wanda ya tsaya gaisawa da kowa, minti kaɗan an gama an tashi. Waɗanda aka haɗo da safe kuwa za ka gansu sun taru wuri ɗaya a inuwa, ɗaya yana danna waya, ɗaya ya tsallaka sayen fiya wata da bindiga a rataye a baya, sauran duk sun zuba wa akwatunan ido kamar su ne abun tsoron. Duka biyun kakinsu ɗaya, duka biyun bankin ya biya kuɗi ɗaya.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon saje ne da ya yi shekaru yana irin wannan aikin kafin ya yi ritaya, Baba Saje muke ce masa. Wata rana bayan la'asar na ce masa, "Baba, a aikin naku wace rana ce ta fi tayar muku da hankali, ranar da aka buɗe muku wuta?" Ya ce, "A'a ɗana, wannan ai ta riga ta zo, sai abun da Allah Ya yi. Ranar da nake tsoro ita ce wadda tun dare aka ce mana gobe ƙarfe tara za ku raka kuɗi gari kaza. In ni saje na sani tun dare, kai ka ƙirga mutum nawa suka riga ni ji." To ka ƙirga ɗin. Manajan reshen da ya nemi kuɗin, mai riƙe da makullin ma'aji, na hedikwata da ya sa hannu, kamfanin da ke da motar, direba da yaronsa, ofishin da ya rubuta siginal ɗin fitar da 'yan sanda, wanda ya buga shi a kwamfuta, kai har mai shayin bakin get da ya lura cewa duk ranar Litinin da hantsi ake zuwa. Ɗaya kawai ake buƙata a cikinsu. Sai da ɗan gari akan ci gari, kuma tarihin fashin manyan kuɗi kusan duk haka yake. Lawrence Anini da ya addabi Benin a tsakiyar shekarun 1980, wani babban ɗan sanda ne, George Iyamu, yake ba shi makamai da labari, duka aka harbe su a 1987. Fashin jirgin ƙasan da aka yi a Ingila a 1963 aka kwashe fam miliyan 2.6, daga cikin gida labarin ya fita. A 2013 a filin jirgin saman Burasels wasu suka shigo da kayan 'yan sanda da motoci masu fitilar jiniya, suka kwashe lu'ulu'un wajen dala miliyan 50 daga cikin jirgi a 'yan mintuna ba su harba ko harsashi ɗaya ba, kuma ba mai yin haka sai wanda ya san minti nawa kayan suke yi tsakanin mota da jirgi.

Shi ya sa a wajen masu aikin na gaske, bindiga ita ce ta ƙarshe a lissafi. Na farko shi ne kar a san rana, kar a san sa'a, kar a san hanya, a gaya wa direba inda za shi bayan ya tada mota, a karɓe wayoyi, a bi Zariya Road yau gobe a zaga ta Eastern Bypass, wani lokacin ma a fitar da mota fanko don a rikita mai sa ido. Na biyu shi ne kar a tsaya. Duk wanda zai kai wa kwamba, wato jerin gwanon motoci, hari ba ya tararta inda take gudu, yana jiranta ne inda dole ta rage, a kwana, a gada, a wajen rami, a inda ake aikin titi, ko a wajen da kowa ya san za ta fito. Mu a Kano mun ga wannan da idonmu a watan Janairun 2013, lokacin da aka buɗe wa motocin marigayi Sarki Ado Bayero wuta bayan ya fito daga taro a wajen Masallacin Murtala, direbansa da dogarai suka rasu suna kare shi. Ba kaya aka ɗauko ba a ranar, amma dabarar maharan ɗaya ce, sun san wuri sun san lokaci.

Ga abun da ya fi ci mini rai a tsarin namu. A shekarun 2000 an kashe 'yan sanda da yawa a bayan motocin kuɗi, lokacin bankuna suna loda miliyoyi a bas ko akori-kura da aka liƙa wa ƙarfe, har sai da hedikwatar 'yan sanda da CBN suka matsa cewa dole a koma motoci masu sulke, CBN kuma ya fara yi wa kamfanonin jigilar kuɗi rajista, mai son aiki a faɗin ƙasa sai ya nuna jarin biliyan ɗaya. Madalla. Amma sulken a jikin wa aka sa shi? A jikin kuɗi. Mutanen da ke gadin kuɗin har yau a bayan buɗaɗɗiyar mota suke zaune a kan benci, rana ta dake su ƙura ta rufe su, wasu ko rigar sulke babu, kuma ɗan fashi ya san su zai fara ɗaukewa kafin ya waiwayi motar. A watan Yulin 2020 a Ebonyi aka tare motar kuɗi da ta taso daga Inugu, direba ya samu ya fice da ita, 'yan sanda huɗu na rakiya suka mutu a wajen. A Fabrairun 2022 aka yi irin ta a tsakiyar Ibadan da rana tsaka, a Idi-Ape, nan ma 'yan sanda suka rasa rayukansu. Kuɗin yana da inshora, in ya tafi kamfani zai biya banki. Matar kofur kuwa sai ta ɗauki fayil ta fara zarya.

Kuma duk da haka rububin aikin ake yi, har da kamun ƙafa. Dalili ba ɓoyayye ba ne, albashi ba ya kai wata, shi kuwa aikin banki ko kamfani akwai alawus a hannu, akwai abinci, akwai ɗan abun da Alhaji zai miƙo in an sauka lafiya. An kawo wani tsari da ake kira POSSAP, wanda mai neman rakiya zai cike a intanet ya biya kuɗin kai tsaye cikin asusun gwamnati, don a san wa aka tura ina kuma nawa aka karɓa. Tunani ne mai kyau, amma kowa a kasuwa ya san akwai gajeriyar hanya, ka san oga, oga ya ba ka yara biyu. Illar wannan ba cin hancin kaɗai ba ce. Illar ita ce ɗan sandan ya daina jin cewa hukuma ce ta turo shi, ya koma yaron wanda ya ciyar da shi, shi ya sa za ka ga an sa mai kaki a gaban tirela ba don tsoron ɓarayi ba, sai don kar a tsayar da ita a shingen bincike a duba me ta ɗauko. Rakiyar da aka yi don kare kaya daga masu laifi ta koma kare kaya daga doka.

Jiniya ma haka ta lalace. Motar kuɗi tana da hujjar da za ta ƙi tsayawa a danja, don tsayuwar ce haɗarinta. Amma da yake kowa ya samu, ɗan siyasa, ɗan kwangila, ango da abokansa, direban Kano ya daina bambancewa, in ya ji wiwi-wiwi a gosulon Kabuga ko Ɗangi sai ya ce wani ɓarawon ne zai wuce, ya ƙi matsawa, su kuma na bayan Hilux su sauko da dorina, su bi wan-we, su fasa wa mai adaidaita gilashi. Na ga an yi wa wani dattijo mai kurkura haka, yana cewa "ranka ya daɗe ina zan matsa, gabana mota bayana mota", ba wanda ya saurare shi. Irin wannan ne yake sa ranar da aka buɗe musu wuta da gaske, babu mai ɗaga waya ya ce ya ga wasu sun fake tun safe.

A Landan akwai wani sashe na 'yan sanda masu babura da aka kafa tun 1952, aikinsu rakiyar sarauta da manyan baƙi da fursunoni masu haɗari, kuma abun da aka san su da shi shi ne ba su cika kunna jiniya ba, usur suke hurawa. Ɗaya ya wuce gaba ya tare mararraba na 'yan daƙiƙu, kwamba ta wuce a hankali ba ta tsaya ba, na baya ya zo ya wuce shi ya kama ta gaba. Ingila tana kuma da rundunar 'yan sanda guda tun 2005 wadda ba ruwanta da kama ɓarawon waya, aikinta gadin tashoshin nukiliya da raka kayansu a ƙasa da teku. Amurka tana da irin wannan ofishin tun 1975, makaman nukiliyarta a manyan motocin da ba su da wata alama ake ɗaukar su, ka wuce su a hanya ka zaci kayan kanti ne. A Beljiyam da Faransa da Suwidin kuma sun bi ta wata hanyar, suna zuba kuɗin a akwatin da in aka fasa shi ba bisa ƙa'ida ba zai fesa musu tawada su lalace, ɓarawo ya tashi a tutar babu. Wannan ta ƙarshen sai an yi da gaske kafin ta yi aiki a nan, inda ake karɓar ɗari biyun da aka liƙa da salatif har wuri uku.

Kar a ce mu ba za mu iya ba, don an yi a nan kusa da mu. A cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya da Caina ta kawo, tana aiki tun 2004, kuma yuraniyam ɗin da ke cikinta irin mai ƙarfin nan ne da ake gudun ya faɗa hannun 'yan ta'adda. A ƙarshen 2018 aka ciro shi, ɗan sama da kilo ɗaya, aka raka shi da tsaro mai tsanani zuwa filin jirgin Kaduna aka maida shi Caina, aka musanya da marar ƙarfi. Mutanen Samaru da yawa sai bayan an gama suka ji labari. Haka ake aikin.

Ka kwatanta da abun da ya faru a hanyar Akure zuwa Owo a watan Maris na 2020. Mota ce ɗauke da nakiyar fasa dutse za ta Edo, da 'yan kwance bam a tare da ita kamar yadda doka ta ce, ta samu matsala a hanya cikin dare, ta kama wuta ta tashi, ta haƙa rami ta raba titin gida biyu, ta rushe makaranta da coci da gidaje. Babu ɗan fashi ko ɗaya a wannan labarin. Abun da ya nuna shi ne raka irin wannan kayan ba zama da bindiga ba ne kawai, akwai duba lafiyar motar kafin ta tashi, akwai sanin inda za a ajiye ta in ta lalace, nesa da gari, akwai raba nakiya da abun tayar da ita a motoci daban. Kuma in maganar haɗari ake, kayan da suka fi kashe mutanen mu ko ɗan sanda ɗaya ba ya bin su. A watan Oktoban 2024 tankar fetur da ta taso daga Kano ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa cikin dare, mutane suka fito kwasa da bokiti, ta kama, sama da mutum 150 suka ƙone. Ba ina cewa a sa wa kowace tanka Hilux ba ne, ba za su isa ba. Ina nuna yadda muke auna haɗari ne, da darajar kayan a wajen mai su muke aunawa, ba da yawan ran da za su iya ci ba.

Lokacin zaɓe ne kaɗai rakiya take komawa ta jama'a zalla. Kayan zaɓe masu muhimmanci a CBN ake ajiye su, a fito da su gaban wakilan jam'iyyu, a raba wa ƙananan hukumomi 44, daga can zuwa mazaɓu 484, zuwa rumfuna 11,222, wasu sai an ratsa dajin Falgore kafin a kai su Doguwa. Tafiyar ba ta cika zama matsala ba, dawowar ce, cikin dare, da takardar sakamako guda ɗaya a hannun malamin zaɓe, 'yan daba a hanya, kuma wanda ya fi yawan 'yan rakiya a wajen tattara sakamako sau da yawa ba INEC ba ce, ɗan takara ne. Fursunoni kuma gandirobobi suna da nasu masu bindigar da ke raka su daga Kurmawa ko Goron Dutse zuwa kotu, kuma a nan haɗarin ta fuska biyu yake, a ƙwace su a hanya ko su mutu a hannunka, kamar yadda kusan mutum 50 suka shaƙe a cikin baƙar motar ɗaukar fursunoni a Legas a 1980.

Kakannin mu da suke fatauci zuwa Gwanja ɗauko goro sun san wani abu da muka manta. Ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, ana tara kuɗin hanya daga kowa gwargwadon kayansa, kuma mai jaki biyu yana shiga inuwar tsaron da mai jaki ɗari yake ciki. Yau ɗan kasuwar Kwari mai matsakaicin ƙarfi da zai kai cinikin rana banki, rakiyarsa ita ce ya zuba a gana-mas-go ya ɗora atamfa a sama, ya sa tsohuwar riga, ya hau adaidaita yana addu'a. Ba abun da zai hana ƙungiyar kasuwa ta yi yarjejeniya ɗaya da kamfanin jigilar kuɗi mai rajista, mota ɗaya ta zaga layuka a lokutan da ba a sani ba, kowa ya biya kasonsa.

Da yake umarnin na Tinubu ya ce manya su koma neman rakiya wajen sibil difens, tsoron da nake shi ne kawai kasuwar ta canja kaki. An ba da irin wannan umarnin a 2015, an ba da shi a 2018, an maimaita a 2020 bayan zanga-zangar EndSARS, an sake a 2023, kowane karo wata biyu ake yi su koma. Abun da zai hana su komawa shi ne a raba aikin gida biyu da gaske, a yi runduna ta rakiyar kaya kawai, kuɗi da nakiya da kayan zaɓe, da horonta daban, da motocin rakiya masu sulke waɗanda bankunan za su saya tunda su ke cin moriya, da inshorar rai mai kauri, kuɗin ya shiga baitulmali a biya ɗan sandan alawus ta asusunsa, kuma duk wanda aka gani da jakar madam a hannu a cire shi.

Wasu suna cewa a gyara dokar 1986 ɗin kawai a ba kamfanonin gadi bindiga, 'yan sanda su huta. A Afirka ta Kudu haka ake yi, masu gadin motar kuɗi na kamfani ne kuma da manyan bindigogi, amma a shekarar 2017 zuwa 2018 kaɗai 'yan sandan ƙasar sun lissafa fashin motar kuɗi 238, 'yan fashin da motoci suke zuwa su banke ta, su ɗaura mata nakiya su fasa sulken a tsakiyar titi. Sannan mu da muke nan, rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya nuna inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da alƙaluman, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, wannan ma'ajiyar makamai ce ta hukuma mai rajista da saje a bakin ƙofa. Kamfanonin gadi kuwa sun haura dubu, kuma da yawansu na 'yan siyasa ne ko na yaransu.